Gajiyar Da Barci Ba Ya Maganinta

Rubutun makon nan ya faɗo kaina, kuma a kan gajiya nake so mu tattauna.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san gajiyar noma. Ka wuni kana huɗa, ka dawo gida ƙugu kamar ba naka ba, ka watsa ruwa, ka ci tuwo, ka kwanta. Kafin assalatu jiki ya saki, ka tashi ka koma. Wannan gajiya mun saba da ita, babu mai tsoronta. Amma a 'yan damunan nan akwai wata gajiya da nake gani a jikin samarinmu masu goyon tankin feshi, wadda barci ba ya sauke ta. Yaro ya kwana biyu, ya kwana uku, har mako, cinyoyinsa na rawa in zai tashi daga tabarma, abinci ba ya masa daɗi, jiki da ɗumi-ɗumi. A gida sai a ce shawara ce, ko zazzaɓin cizon sauro, in kuma ya daɗe a kwance a ce ragwanci ne. Wani lokaci zazzaɓin ne da gaske, don damina lokacinsa ce, kuma gwajin jini zai nuna. Wani lokaci kuwa maganin da ya goya ne ya shiga jikinsa ya tayar da kumburi, kumburin ya taɓa inda tsoka ke samun ƙarfinta. Wannan na biyun nake so in warware mana, domin yadda muke fassara gajiyar shi ke sa mu kai yaro asibiti ko mu kora shi gona.

Ba sai na tuna wa kowa a nan abin da ƙasar Birnin Gwari ta gani ba. Shekaru aka yi gonakin da ke nesa da gari ba su ga masu su ba, daga wajen Kuyello da Dogon Dawa har Randagi da Kakangi, da duk inda ya yi iyaka da dajin Kamuku. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari kan maganar sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe, kuma a daminar da ta biyo baya mutane da yawa suka koma gonakinsu. Suka tarar gamba ta fi mutum tsayi, tofa ta kafa saiwa ko'ina. Shanun huɗa an kore su tuntuni, kuɗin ƙwadago babu, lokacin shuka kuma ba ya jiran kowa. Maganin ciyawa ya zama mafita mafi sauri. Ga kuma tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan tun 2016, ita ma sai da feshi. Daga nan feshi ya zama sana'a mai zaman kanta. Saurayin da ya samu tanki mai lita 16 ya samu jari. Galibi kan kowane tanki ake biyansa, don haka iya saurinsa iya abin da zai koma da shi gida.

Ni malamin makaranta ne, ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, kuma kimiyyar sinadaran jiki na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ina noma kamar kowa, ni ma 'yan feshi nake ɗauka. Abin da ya mayar da ni kan tsofaffin littattafaina shi ne ɗan yayata, saurayi ɗan shekara 22, ƙaƙƙarfa, wanda ke ɗaga buhun masara shi kaɗai ya aza a kan babur. A farkon damina ya yi kwana huɗu a jere yana yi wa mutane feshin ciyawa da tankin aro wanda murfinsa ke yoyo. Ruwan maganin ya riƙa bin bayansa yana taruwa a ƙugu, inda mazugi ya ɗaure, rana na dukansa. Shi ya ɗauka gumi ne. A rana ta biyar fatar wurin ta yi ja ta saluɓe kamar ƙunar ruwan zafi, bayan kwana biyu ta fara ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. A asibiti aka wanke ciwon, aka ba shi magani, aka duba ƙodarsa, Allah ya taimaka ba ta taɓu ba. Cikin mako biyu ciwon ya kama hanyar warkewa. Ƙarfinsa ne ya ƙi dawowa.

Na je duba shi na tarar sai ya dafa bango yake miƙewa, damtsensa ya rame kamar ba shi ba. Mahaifiyarsa ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka yi wa ɗanka faɗa. Ciwo a baya yake, ga shi ya bushe, me ya haɗa shi da ƙafa? Sa'o'insa duk suna gona." Shi kuma da muka keɓe ya ce, "Wallahi Kawu ba ƙi nake yi ba. In na taka daga nan zuwa masallaci sai in ji kamar na wuni ina huɗa." Tambayar Yaya tambaya ce mai ma'ana, kuma tana da amsa.

Tsoka ita ce kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin saurayi mai lafiya. Tuwon da muke ci ba ya motsa ta kai tsaye. Sai jiki ya narka shi ya koma sukarin jini, wato gulukos, sinadarin insulin ya buɗe masa ƙofa ya shiga cikin zaren tsoka, a can ciki kuma a sarrafa shi ya zama wani ɗan sinadari da masana suka taƙaita sunansa da ATP. Shi tsoka ke kashewa duk lokacin da ta motsa. Ku ɗauka tuwo da kitsen jiki masara ce a rumbu, ATP kuma tsabar kuɗi ce a aljihu. Kuɗin da tsoka ke riƙewa a aljihu bai wuce na daƙiƙoƙi kaɗan ba, don haka dole a yi ta buga sabo ba dare ba rana. A wuni guda jikin mutum na juya ATP da nauyinsa ya kai kusan nauyin shi kansa mutumin, ana kashewa ana sake haɗawa.

Inda ake buga wannan kuɗi wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna ne a cikin ƙwayoyin tsoka, sunansu mitokondiriya. Nakan kwatanta wa ɗalibaina su da maƙera. Gawayinta sukari da kitse, zugazuginta iskar oksijin da jini ke kawowa daga huhu. In wutar maƙera na ci da kyau, ƙwayar sukari ɗaya na ba da ATP kusan 30. In wuta ta yi sanyi, tsoka na da hanyar gaggawa wadda ba ta jiran oksijin, sai dai a nan ƙwayar sukari ɗaya ATP 2 kacal take bayarwa, kuma ba a daɗewa a kai. Ita ce hanyar da jikinka ke hawa in kare ya biyo ka. Wanda maƙerunsa suka raunana kuwa, ɗan aiki kaɗan ma sai ya tura shi kan wannan hanya, shi ya sa yake haki a kan tafiyar da bai saba ɗauka komai ba. Sannan kowace maƙera na fitar da tartsatsi. A jiki, tartsatsin wasu ɓarɓashin oksijin ne masu ƙona abin da suka taɓa, kuma jiki na da sinadaran da ke kashe su nan take muddin ba su yi yawa ba.

To ga inda maganin ciyawa ya shigo. Wanda ɗan yayata ya goya shi ne mai ƙona ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, mai launin kore-shuɗi da wari, wanda a jikin robarsa za ka ga an rubuta Paraquat. Wani kamfanin Ingila ne ya fara sayar da shi a 1962 da sunan Gramoxone. Yadda yake kashe ciyawa shi ne ya shiga ganye, ya riƙa wawurar ƙarfin da ganyen ke samu daga hasken rana yana miƙa wa oksijin, tartsatsi ya yi ta tashi har ganyen ya ƙone daga ciki. Shi kansa maganin ba ya ƙarewa a wannan aiki, in ya miƙa sai ya dawo ya sake ɗauka. Irin abin da yake yi a ganye shi yake yi a ƙwayar jikin mutum, har ma masu bincike in suna son tayar da wannan tartsatsi a ɗakin gwaji, farakwat suke zubawa. Lafiyayyar fata na tare mafi yawansa. Amma fatar da ta daɗe a jiƙe da shi, ko mai ƙurji, ko mai yanka, tana barinsa ya wuce, kuma matse-matsi da gaban namiji sun fi ko'ina saurin zuƙa. In ya shiga jini, huhu ya fi tara shi, ƙoda ce ke wahalar fitar da shi, tsoka kuma saboda yawanta takan zama ma'ajiyarsa ta riƙa sakinsa a hankali. Kurɓa ɗaya ta wanda ba a sirka ba na iya kashe babban mutum, kuma har yau ba shi da makari.

Bayan ƙonewar ƙwayoyin jiki sai martanin da jiki ke mayarwa, kuma a nan amsar tambayar Yaya take. Da zarar ƙwayoyi sun mutu, ko da guba ce ta kashe su, sojojin jiki na rugawa wurin kamar yadda suke yi in cuta ta shigo. Jini ya ƙaru, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tashi, ya yi ciwo. Shi ne kumburi. Masana sun daɗe da sanin cewa sinadari zalla na iya tayar da shi. Tun 1962 masu bincike a Amurka suka fara yi wa ɓera allurar karaginan, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, a tafin ƙafa. Cikin 'yan sa'o'i ƙafar ta kumbura, sai su gwada maganin kumburi a kanta, kuma har yau ana wannan gwaji. Kumburi na ɗan lokaci alheri ne, shi ke share matattun ƙwayoyi, shi ke kiran waɗanda za su sake gini. Matsala na zuwa ne in ya yi girma ko ya daɗe, domin sojojin nan ba sa tsayar da maganarsu a wurin ciwo. Suna sakin wasu sinadarai 'yan aike a cikin jini, saƙon ya zaga jiki duka, har cinyar da magani bai taɓa ba.

Labarin yadda aka gano ɗaya daga cikin 'yan aiken nan ya shafe mu, don ta hanyar cutar da makiyayan dajinmu suka sani aka gano shi. Sammore nake nufi, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu, wadda saboda ita da cutar barci aka kafa cibiyar bincike a Kaduna tun zamanin Turawa. Kowane Bafulatani ya san saniya mai sammore, tana kiwo tana ramewa har haƙarƙarinta su fito. Wani masani Ba'amurke, Anthony Cerami na Jami'ar Rockefeller da ke New York, ya ga irin waɗannan shanu a Kenya a shekarun 1970, ya lura ƙwayoyin cutar da ke jininsu ba su da yawan da za su cinye naman saniya guda. Sai ya yi zargin jikin dabbar ne da kansa ke fitar da abin da ke ramar da ita. A 1985 shi da Bruce Beutler suka tace sinadarin, suka kuma gano cewa shi ne wanda wasu masana suka riga suka sa wa suna TNF shekaru goma kafin nan. Beutler ɗin nan ya samu kyautar Nobel a 2011 kan aikin da ya ci gaba da yi a fannin garkuwar jiki. Jikin mutum ma na fitar da TNF, ko cuta ce ta tayar da kumburin ko ƙunar sinadari.

Saƙon da TNF da 'yan uwansa ke kai wa tsoka saƙon dokar ta-ɓaci ne, kuma mu mutanen Birnin Gwari mun san yadda gari ke zama in aka shiga wannan hali: a bar gona, a rufe kasuwa, abin da ke rumbu a yi ta ci ba a mayarwa. Da farko tsoka ta rage jin kiran insulin, sukari ya tsaya a jini domin sojojin jiki su samu, ita kuma ta zauna da ƙarancin gawayi. Sannan kumburi na sa jiki ya samar da wata iska mai suna naitirik oksayid da yawa, ita kuma tana tare wa oksijin mazauninsa a cikin mitokondiriya, kamar a toshe bakin zugazugi. Wuta ta yi ƙasa, tartsatsi ya ƙaru. Bayan haka jiki ya fara rushe furotin ɗin tsoka yana tura tubalansa zuwa hanta, domin hanta ta ƙera kayan yaƙi da na gyaran ciwo. Ga zazzaɓi, wanda duk digiri ɗaya da zafin jiki ya hau yana ƙara wa jiki cin makamashi da kusan kashi 10 cikin 100 ko fiye. Ga shi 'yan aiken sun kai saƙo ƙwaƙwalwa cewa a rage sha'awar abinci, a kwanta. Kashewa ta ƙaru, shigowa ta ragu, sai a ɗebi cikon daga tsoka.

An auna wannan a jikin mutane. A 2002 likitoci a Landan suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan 'yar tsokar da suka ɗeba daga cinyar marasa lafiya da ke sashen kulawa ta musamman, waɗanda cuta ta tayar wa kumburi a jiki duka. Sun tarar waɗanda suka rasu daga baya ATP ɗin tsokarsu ya fi ƙasa, kuma duk wanda ciwonsa ya fi tsananta aikin mitokondiriyarsa ya fi rauni. Halin ɗan yayata bai kai ko kusa da nan ba, amma hanyar ɗaya ce. Abin da na faɗa wa mahaifiyarsa shi ne, "Yaya, ciwon a baya yake, amma kuɗin jinyarsa daga cinya aka cire." Ta gane, ta daina faɗa, ta koma dafa masa wake da ƙwai, da awara da nono, shi kuma yana ɗan takawa kullum yana ƙara nisa. Sai da ya yi kusan mako shida kafin ya sake ɗaga buhu. Lokacin da ake samun kuɗin feshi ya riga ya wuce shi.

Maganin ƙwari kuma ta wata ƙofa yake shiga. Su Sniper da fiya-fiya, da da yawa daga cikin waɗanda ake fesa wa tsutsar masara da wake, 'yan gida ɗaya ne. Tsakanin jijiya da tsoka akwai saƙon da ke cewa "ɗaure", akwai kuma sinadarin da ke goge saƙon da zarar an isar da shi. Waɗannan magunguna mai gogewar suke kamawa. Sai saƙon ya maƙale, tsoka ta yi ta karkarwa tana ƙona ATP ba hutu, har wasu zaruruwanta su mutu, kumburi ya biyo baya. Su kuma suna ratsa lafiyayyar fata cikin sauƙi, ana kuma shaƙarsu ta hanci. Alamominsu ba sa ɓuya: yawu na dalala, hawaye da gumi, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, tsoka na motsi da kanta a ƙarƙashin fata. A 1987 wasu likitoci biyu a ƙasar Sri Lanka suka bayyana wani tarko da ke tattare da wannan guba. Mutum ya farfaɗo, kowa ya ce an auna arziki, sai tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu wuyansa ya kasa ɗaukar kansa, kafaɗa da cinya su mutu, tsokar numfashi ta gaza. Saboda haka duk wanda irin wannan magani ya buge, in aka ga ya kasa ɗaga kai daga matashi, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, kada a jira gari ya waye.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da samarinmu ke yi in gajiyar ta zo. A shiga kemis a sayi haɗin ƙwayoyi, ko a nemi allurar ciwon jiki, wasu kuma su haɗiye tiramadol. Babu ɗayansu da ke ƙera ATP ko guda. Jin zafin kawai suke ɗaukewa, mutum ya koma gona ya ɗora wa tsokar da ke neman hutu wani nauyin. Tsokar da aka matsa wa cikin zafin rana da ƙishirwa na iya farfashewa ta zubar da jan sinadarinta a jini, shi kuma ya je ya toshe ƙoda. Alamarsa fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai. Magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen na rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma ga wanda bai sha ruwa sosai ba wannan ƙarin itace ne a wuta. Ƙwayoyin deksa da ake sawa a haɗin, in aka daɗe ana sha, su da kansu suna ramar da tsokar cinya da kafaɗa. In kuwa ƙoda ta tsaya sai wankin ƙoda, sai an kai mutum Kaduna ko Shika, tafiyar sama da kilomita 100, da kuɗin da kowa ya san ɗan feshi ba shi da su.

Sai maganar madara da manja. Da yawa na shan gwangwanin madara bayan feshi da sunan wanke guba. Madara abinci ce mai gina jiki, amma ba ta karya guba, kuma maiƙo na iya taimaka wa wasu magungunan ƙwari shiga jiki. Tilasta wa mutum amai ma haɗari ne, don maganin zai sake ƙona maƙogwaro, yana kuma iya faɗawa huhu. In magani ya zuba a jiki, a tuɓe kayan nan take, a wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu, ido kuma da ruwa zalla na tsawon lokaci. In za a tafi asibiti a tafi da robar maganin. Ga wanda maganin ƙwari ya buge akwai allurar atirofin mai ceton rai. Ga mai farakwat kuwa, hatta iskar oksijin da ake sa wa mara lafiya sai likita ya yi taka-tsantsan da ita, domin tana ƙara wa tartsatsin ƙarfi a huhu. Robar ce za ta nuna wa likita wanne daga ciki yake fama da shi.

Hukumomi sun san da wannan. Tarayyar Turai ta haramta farakwat tun 2007. A nan gida hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni a 2019, ta kuma sa 1 ga Janairun 2024 a matsayin ranar da haramcin farakwat ya fara aiki. Amma duk mai shiga kasuwannin ƙauye ya san sanarwa ba ta kwashe abin da ke kan teburi ba, kuma magungunan da aka halatta ma guba ne in suka wuni a jikin fata. Saboda haka kariyar da ta fi kusa da yaron da ke goye da tanki tana hannun wanda ya ɗauke shi aiki.

Mu ne kuwa masu ɗaukar aikin. Yawancinmu a wannan zaure ba ma goyon tanki. Mu ne masu albashi da 'yan kasuwa, mu ne masu turo kuɗi ta waya daga Kaduna ko Abuja mu ce a nemi yara su yi feshi. Mu ke zaɓar magani, mu ke cewa a gama yau ko ta halin ƙaƙa. Biyan kuɗi kan kowane tanki na sa yaro ya ƙi tsayawa gyaran murfi, don duk mintin da ya tsaya daga aljihunsa ne. Ga abin da nake yi a gonata, kuma nake roƙon kowa ya gwada. Kafin a zuba magani a cika tankin da ruwa zalla, a goya a girgiza, in ya yi yoyo a canza robar murfin ko bututun, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A sa leda mai kauri tsakanin baya da tanki. Mai gona ya ajiye takalmin roba da safar hannu ta roba, da abin rufe hanci da baki, yadda yake ajiye fartanya da lauje, don kayan aikin gonarsa ne. A yi feshi da sanyin safiya ko da yamma lokacin da iska ta lafa, kada a fuskanci iskar. In kan bututu ya toshe a wanke shi da ruwa, kada a busa da baki. Ba cin goro, ba shan taba, ba cin abinci sai an wanke hannu. A kai jarkar ruwa da sabulu bakin gona, daban da ruwan sha. Kayan feshi a wanke su su kaɗai, kada a haɗa da na yara, robar da magani ya ƙare a cikinta kuma a huda ta kada ta koma ta ruwa ko ta mai. Yaro mai ciwo a fata ya haƙura sai ya warke. Sannan kada a bar mutum ɗaya ya jera kwanaki yana feshi, domin kumburin jiya bai gama sauka ba a ƙara masa na yau.

Ɗan feshi ba shi da gona, ba shi da shago, tsokarsa ce jarinsa, da ita zai yi aure ya ciyar da iyali ya riƙe iyayensa. Mun yi shekaru muna roƙon Allah ya mayar da mu gonakinmu, ga shi ya mayar. Zai zama abin takaici a ce samarin da suka tsira daga bindiga a dajin nan su ƙare a layin wankin ƙoda saboda murfin tankin da ba a gyara ba. In ka ga yaron da ya yi maka feshi ya kwana biyu bai fito ba, ka je gidansu ka tambaye shi launin fitsarinsa, ka duba bayansa, ka ce ya ɗaga kai ya ɗaga hannu. In da abin da bai yi maka ba, ka ɗauke shi da robar maganin ku tafi asibiti, kuɗin jinyar kuma ka sa shi a lissafin noman bana.

Ma'aikatan lafiya da malaman gona da ke cikinmu, ku ƙara mana da abin da kuke gani a wajen aiki. Wanda ke da ɗan'uwa mai sana'ar feshi da ba ya karatu, ya karanta masa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana zaman lafiya.